Wayar da Ba Ta Cikin Hijabi

Ranar da Malam, mahaifina, ya ba ni makullin tsohuwar motarsa, sharaɗi ɗaya ya gindaya mini. Muna zaune a zauren makarantarsa a Taura, ƙanensa Baffa Sale yana gefe yana kaɗa ƙafa, don shi bai yarda mace ta riƙe sitiyari ba.

"Raihana," in ji Malam, "ranar da hukuma ta same ki da laifi a kan hanya, ki kawo mini makullin nan da hannunki. Ba sai na aika ba."

"Ai ba za a yi wata uku ba," Baffa Sale ya ce.

An yi shekara biyu. Na gama jami'a a Kafin Hausa, na samu aikin malamar gona a Dutse, kuma da motar nan nake shiga ƙauyuka wajen ƙungiyoyin mata masu noman riɗi. Ko kaza ban taɓa takawa ba.

Wata Litinin da safe na taso daga Taura. Al'adata ce in na ɗauki hanya in yi tilawa, izu biyu kafin in shiga Dutse, don kada haddata ta zube. Na wuce Shuwarin ke nan sai wani jami'in hanya ya ɗaga mini hannu. Na tsaya, na gaishe shi.

"Hajiya, kina waya kina tuƙi."

"Wace waya?"

"Ta cikin hijabinki. Mun san halinku, ku cusa ta a kunne hijabi ya riƙe muku. Tun daga can na hango bakinki yana motsi."

Na ce masa karatu nake yi. Na nuna masa jakata a kujerar baya, a zuge, wayar tana ciki. Ya yi dariya ya ce ai mata akwai saurin hannu. Ya rubuta takardar tara, ya sa lokaci, takwas da minti goma, ya riƙe lasina. Ya ce in je banki in biya in zo in karɓa, ko kuwa mu haɗu a kotu.

A ofis kowa ya ce in biya. Murja, wadda muke tebur ɗaya, ta ce, "Ke dai kin cika taurin kai. Ki biya shiru, wa zai gaya wa Malam?"

Babu wanda zai gaya masa, gaskiya ne. Amma ni zan sani. Duk Juma'a zan zauna gabansa da makulli a jaka, alhali takarda ta ce na amsa laifi. In kuma na kai masa makullin, na miƙa shi ke nan a kan abin da ban yi ba, Baffa Sale ya samu abin faɗa har ƙarshen rayuwarsa.

Lokacin hutun azahar na shiga wani zauren Fesbuk inda lauyoyi ke amsa tambayoyin jama'a da Hausa. Na ɗauki hoton takardar, na rufe lambar mota da yatsa, na rubuta abin da ya faru. Kafin la'asar amsoshi sun fi sittin, kuma yawancinsu ba na lauyoyi ba ne. Wani ya ce wa ya aike ni tuƙi. Wani ya ce in na je kotu sai na sayar da motar kafin a gama. Wata ta tambaye ni inda na sayi zoben da ya fito a hoton.

Can ƙasa sai ga wata Barista Najwa, mai aiki a Kano. Ba ta yi dogon zance ba. Ta ce biyan tara amsa laifi ne, in ban yi ba kada in biya. Ta ce in rubuta duk abin da muka yi da jami'in tun ban manta ba. Ta ce in roƙi kotu ta ba ni takardar da zan kai kamfanin waya su fitar da jerin kiran layina na wannan safiya. Ta ƙara da cewa shawara ce kawai, ba ta tsaya mini ba, kuma ba ta yi mini alkawarin nasara ba. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa na yarda da ita.

Zaman farko a kotun majistare, aka karanta mini tuhuma, na ce ban yi ba. Aka ba ni takardar, aka ɗage zama sati biyu. Motar tana fake a gidan da nake haya, tunda babu lasin. Na koma shiga bas, in sauka a bakin titi in hau babur cikin ƙauye, buhun irin riɗi a kan cinyata. Damina ce. Sau biyu na isa wajen mata da taɓo har gwiwa. Suka ce, "Malama, ina motar?" Na ce tana hutawa.

A ofishin kamfanin waya ne na gamu da abin da ban zata ba. Matar da ke kan kwamfuta ta duba, ta ɗago ta kalle ni.

"Ke ce Malam Musaddiq?"

"Mahaifina ne."

"To layin nan nasa ne. Sai ya zo da kansa, ya sa yatsa."

Sai a lokacin na tuna. Ina aji shida na sakandare aka saya mini layin, shekaruna ba su kai ba, Malam ya je aka ɗauki hotonsa. Haka rabin matan gidanmu suke, kowa da layinta amma da sunan Malam. Shekara tara ina amsa kira da sunan mahaifina ban taɓa damuwa ba.

Na rubuta wa Barista Najwa. Ta ce, "Babu wata hanya, ƙanwata. Ki je ki gaya masa."

Ranar Juma'a na shiga bas zuwa Taura. Bayan an sauko daga masallaci na durƙusa a zaure na faɗi komai. Baffa Sale bai bari na rufe baki ba.

"Kotu! 'Yar gidan malamai a gaban alƙali kamar ɓarauniyar akuya! Yaya, ka karɓi makullinka, a biya musu kuɗinsu a rufa asiri."

"Baffa, asirin wa? Ni ban yi komai ba."

"Kin ji ta ko? Boko ke nan."

Malam ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce, "Kin yi wayar?"

"Ban yi ba, Malam."

"Me kike karantawa?"

"Suratu Maryam."

Ya miƙo hannu. Na ciro makullin na sa masa a tafi, Baffa Sale yana kallo. Malam ya jefa shi aljihun gaban rigarsa.

"Zai zauna a nan har alƙali ya yi magana. Litinin zan zo Dutse."

Ya zo, a motar haya, shi da bai son barin ɗalibansa ko na wuni ɗaya. Ya bi layi awa biyu, ya sa yatsa, ya ce da ni mutanen nan sun fi asibiti jan rai. Bayan kwana tara takardar ta fito.

Zama na biyu jami'in bai zo ba, aka ce yana wajen aiki. Na uku alƙali ya tafi taro. Murja ta daina tambayata, sai dai ta girgiza kai. Duk ranar zama ina goge hijabina, in isa kafin magatakarda, in zauna a benci na gaba. Sati bakwai ke nan ina hawa babur.

A zama na huɗu kowa ya hallara, har Malam, yana zaune a baya da rawaninsa. Jami'in ya ba da shaida yadda ya faɗa mini a hanya. Na miƙa takardar kamfani: daga bakwai na safe zuwa tara babu kira ko ɗaya, shiga ko fita.

Mai gabatar da ƙara ya duba ya yi murmushi. "Ranka ya daɗe, wannan layin wani Malam Musaddiq ne. Mu Raihana muke tuhuma."

Alƙali, wani dattijo mai tabarau, ya ce wa magatakarda ya kira lambar. Ya kira. Sai wayata ta fara ƙara cikin jaka. Wasu suka yi dariya, alƙali ya ce ko ta matarsa da sunansa take.

Sannan ya ce ko ina da tambaya ga mai shaida. Ina da ita, guda ɗaya, Barista Najwa ta ce kada in ƙara a kanta kome daɗin bakina.

"Yallaɓai, wayar da ka gani, wace kala ce?"

Jami'in ya kalli mai gabatar da ƙara. "Ai tana cikin hijabi."

"Kotu ta tambaye ka," in ji alƙali, "ka gan ta da idonka?"

"Ban gan ta ba, ranka ya daɗe. Amma bakinta yana motsi."

Alƙali ya yi rubutu mai ɗan tsawo. Ya ce babu dokar da ta hana baki motsi a cikin mota, ya sallame ni, ya ba da umarni a mayar mini da lasina a ranar.

Mun karɓo lasin bayan azahar. Muka hau babur mai ƙafa uku zuwa gidana, inda motar take, ganyen darbejiya ya rufe gilashinta. Na ɗebo ruwa na wanke, Malam yana tsaye a inuwa. Na aika wa Barista Najwa saƙo, ta amsa da cewa in je in mayar da layin nan sunana kafin wata rigimar.

Malam ya ciro makullin ya miƙo mini, ya buɗe ƙofar gaba ya zauna.

"Ki kai ni gida. Ki tsaya ƙofar Sale tukuna, ina son ya ga wanda ya kawo ni."

Sai da na murɗa sau uku kafin ta tashi. Da muka wuce Shuwarin ya gyara zama ya ce, "A ina ya tsayar da ke?"

Na gaya masa ayar da na tsaya a kai ranar.

"To ɗauko daga nan."

Na ɗauko. Kafin mu kai Kiyawa ya gyara mini wuri biyu.