Majigi Ta Bayan Zane

Ranar da motar majigi ta iso Goronyo, Maimuna ko tuwo ba ta iya ci ba. An aiko daga Sakkwato ana neman 'yan matan da suka gama elementare a koya musu aikin ungozoma, kuma an ambaci sunanta. Babanta ya ce a tambayi yayarsa Baraka, ita ta rene ta. Gwaggo Baraka kuwa ta ce ba ta yarda sai ta ga irin aikin da idonta. Aka ce majigin yau shi zai nuna.

Bayan magariba aka ɗaure farin zane tsakanin sanduna biyu a filin kasuwa, kusa da rumfunan albasa. Maza suka baje tabarmi a gaba. Mata, kamar kullum, aka kora su bayan zanen, inda hoto ke ratsowa dishi-dishi.

Da labarin zaɓe aka fara. Mai magana a lasifika ya ce maza za su yi layi su jefa ƙuri'a.

"Mu fa?" in ji Mairama mai nono, tana gyara goyonta.

"Ku kuna dahwa masu hura su sha in sun gaji da layi," wata ta amsa daga baya.

"To a ba saniyata ƙuri'a. Ta hi mai gidana sanin abin da take so."

Dariya ta tashi, har ɗan doka Mode ya leƙo ya ce a yi shiru.

Sai ga hoton da ake jira. Wata budurwa cikin farar riga a asibiti tana yi wa jariri wanka, ta shafe shi, ta ɗauki cokali.

"Wankan jinjiri aka gwadi, amma masu gemu ag gaba," Mairama ta ce. "Wane cikinsu yat taɓa riƙa soso?"

Gwaggo Baraka ba ta yi dariya ba. Ta miƙa wuya, ta ƙanƙance ido.

"Ke Maimuna, mi nike gani? Da hagu take ba ɗan mutane magani?"

Da hagu ne kuwa. Budurwar ta miƙa wa uwar jaririn kwano, shi ma da hagu.

"Abin da za su koya miki ke nan? Ba ki zuwa. Tashi mu tai gida."

Maimuna ba mai musu ba ce, ko sunanta aka kira da ƙarfi sai ta sunkuyar da kai. Amma idonta bai bar zanen ba. Ga wani tsoho a hoton yana gaisawa da hagu. Ga manomi yana cin tuwo da hagu. A gaba kuwa, cikin duk malaman da ke zaune, ba wanda ya yi ko salati.

Ta riƙe gefen zanen gwaggonta. "Gwaggo, garin bahagwai na? Kowa da kowa? Ina jin don muna baya na hoton yaj juye. Su can daidai suka gani."

Gwaggo ta tsaya. Ta dubi hoton, ta dubi Maimuna, sannan ta ɗaure ɗamara ta zagaya sanda.

Mode ya tare ta da kulki. "Inna, nan wurin maza na."

"Kai Mode, ni na yi ma wankan hwari. Matsa."

Ya matsa. Ta ratsa tabarmi tana taka takalman mutane, ta tsaya daidai bakin hasken, inuwar ɗankwalinta ta rufe rabin asibitin. Maza suka yi ta "Zamna, Inna! Zamna!" Ta zauna abinta kusa da sarkin kasuwa. A kan zane budurwar ta sake ɗaukar cokali, da hannun dama sarai.

Gwaggo ta kalla har aka gama goye jaririn. Sannan ta ɗaga murya, yadda na bayan zane za su ji.

"Maimuna! Ki shirya kayanki. Amma in kin isa ki hwaɗa ma wagga yarinya, ba haka aka riƙon wuyan jinjiri ba."