Bogar da Gidaɗo Ya Kai Selly Oak

Gidaɗo Salihu ya shekara ashirin da ɗoriya a Manchester, amma bai taɓa tsayawa a ɓangaren kanti inda ake jera abincin masu ƙin nama ba. Bafulatanin Gombe ne, akanta a ofishin council, wato ƙaramar hukuma, irin mutumin da in an zuba masa tuwo sai ya fara laluben tsoka a miya kafin ya yanki loma. Matarsa Kubura takan ce da za a tsaga cikinsa, garke guda za a tarar yana kiwo.

Kubura ta rasu shekarar da 'yarsu tilo, Raki, ta shiga jami'a a Birmingham. Aka bar shi shi kaɗai a flat ɗinsu na Whalley Range, a saman wani tsohon gida da aka yayyanka ɗaki-ɗaki. Lokacin kuwa gwamnati ta tsuke bakin aljihu. A ofishinsu aka sallami mutane da yawa, shi aka mai da shi rabin mako. Zauren unguwa da 'yan Arewa ke haɗuwa duk Lahadi, mata su zo da kulolin abinci, yara su yi ta guje-guje, shi ma aka garƙame shi. Sai ya zamana in ba Juma'a ba, Gidaɗo yakan wuni bai yi wa kowa Hausa ba.

Da Babbar Sallah Raki ta zo hutu. Ya je wurin mahauci a Wilmslow Road ya karɓo naman layyarsa, ya tsaya da kansa ya soya, har ya ƙone yatsa. Ya tsince mata hanta da ƙoda, don ya san su take so tun tana ƙarama, ya tura mata faranti.

"Ci, Uwata." Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiran sunanta.

Ta kalli farantin, ta ce da Turancinta na 'yan Manchester, tana ɗan tsarma Hausa, "Baba, na daina cin nama. Har madara da ƙwai. Vegan ce ni yanzu."

Ya yi dariya tukuna, yana zaton wasa ne. Da ya ga ba wasa a fuskarta sai ransa ya ɓaci. Ya ce abin da Allah ya halatta, wace ce ita da za ta haramta wa kanta? Jikar makiyaya guda? Ta ce ba haramtawa ta yi ba, bari ta yi. Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya ƙara da cewa, "Da uwarki na raye, ba ki isa ki kawo mata wannan iyayin a ranar Sallah ba."

Raki ta ture farantin gefe. Ta ci burodi da tumatir, da safe ta bi jirgin ƙasa ta koma. Magana zarar bunu ce. Tun daga ranar wayarsu ta koma gaisuwa zalla: lafiya lau, karatu da godiya, sai an jima.

Wata Talata cikin kaka, ranar da ba shi da aiki, yana tura kwandonsa a babban kantin unguwarsu sai ya tsinci kansa a gaban firjin nan da bai taɓa kallo ba. Kwalaye ne reras, kore da ruwan ƙasa, kowanne da hoton boga mai maiƙo, irin curin naman nan da ake sawa a tsakiyar burodi, an rubuta ba nama a ciki. Ya waiwaya ko wani ɗan gida na kallonsa. Ba kowa sai wata tsohuwa da ke duba kwanan watan madara. Ya ɗauki guda ya tura ƙarƙashin albasa.

Ta farko da ya soya ta waken suya ce. Ta fito daga kasko a bushe, gefenta ya yi tauri, cikinta lami, kamar an jiƙa kwali an barbaɗa masa gishiri. Ya tauna, ya tauna, ya kora da shayi. Ya zauna yana kallon ragowar, yana tunanin wai wannan ce 'yarsa ke ci a garin mutane, ita da ake yi wa farfesun jelar saniya in ta yi zazzaɓi. Tausayi ya kama shi fiye da haushi.

Mako na gaba ya je wani kantin. Daga nan abin ya zame masa aiki. Ranakun da council ta ƙwace masa ya cika su da hawa bas, yau Chorlton, gobe Hulme, yana karanta bayan kwali da tabaransa a kan hanci. Ya ci wata ta baƙin wake da masara, wadda ta dagargaje tun kafin ya juya ta, ɗanɗanonta kamar ƙosan jiya. Ya ci ta naman kaza, wanda ba nama ba ne kuma ba kaza ba, ta cika masa kasko da ruwa. Akwai wadda ƙamshin hayaƙin da aka zuba mata ya yi yawa, har labule ya kwana biyu yana warinsa. Akwai mai danƙo da ke manne wa dasashi. Mafi yawansu dai ba yabo ba fallasa, in ka lulluɓe su da albasa da tumatir za su wuce.

Ba shi da wanda zai gaya wa duk wannan. Sau ɗaya bayan sallar Juma'a ya fara ba abokinsa Sanda labari, Sanda ya dube shi ya ce, "Gidaɗo, in likita ne ya hana ka nama ka faɗa mana, mu taya ka addu'a." Ya bar zancen.

Can ya dace da wata mai tsada, ja jawur kamar ɗanyen nama. Da ta sha wuta sai ta fara tsattsafo da mai, tana ƙara a kasko, tana fitar da wani jan ruwa. Ya karanta kwalin sau biyu don ya tabbata ba jini ba ne, ruwan wata jar saiwa ce. Ya gutsura. Da gardi, da taushi, har da ɗan ƙarnin nan na nama. Ya barbaɗa mata yajin ƙuli, ya sake gutsura, ya ajiye cokali ya jingina da kujera. Da za a ba shi ita a duhu a bakin tasha, da sai ya ci rabi kafin ya yi tambaya. Bai san lokacin da ya ce, "To, wannan kam," da ƙarfi ba. Babu mai amsawa sai ƙugin firji.

Ranar Asabar ya sayi kwali biyu, ya haɗa da burodin boga da albasa da ƙullin yaji, ya shirya su cikin jakar sanyi. Bai kira Raki ba, yana tsoron ta ce tana da karatu. Ya hau jirgin ƙasa a tashar Piccadilly, jakar a kan cinyarsa har Birmingham, ya canza wani ƙaramin jirgin zuwa Selly Oak.

Gidan yana wani layi bayan Bristol Road, gidaje iri ɗaya manne da juna, kwandunan shara cike a ƙofar kowanne. Wata Baturiya mai gajeren gashi ta buɗe. Ta ce sunanta Alice, tare suke haya da Raki. Raki tana shagon sayar da kofi inda take aiki ranakun Asabar, sai da la'asar za ta dawo. Gidaɗo bai san tana aiki ba.

Alice ta kai shi kicin ta haɗa masa shayi. Da ya fito da kwalayen yana neman inda zai sa su, sai ta duba su.

"Kai ka kawo mata waɗannan?"

Ya ce eh, ya gwada da yawa, wannan ta fi.

"Kirki ne wannan," in ji Alice. "Sai dai Raki ba ta cin su. Ta ce sun cika kama da nama, tashin zuciya suke sa ta."

Ya tsaya da kwali a hannu. "To me take ci?"

Alice ta buɗe wani kabad. Wake ne fari a babbar leda, da shinkafa, da man gyaɗa, da garin rogo, da kwalbar barkono. Ta ce kullum cikin wake take, wani lokaci da shinkafa da mai da barkono, wani lokaci takan kwaɓa wani gari ta riƙa jefawa cikin tafasasshen ruwa, amma ba ya yi mata yadda take so, narkewa yake, sai ta zauna tana fushi da tukunya. Gidaɗo ya gane ɗanwake ake nufi. Ya duba kabad ɗin sama da ƙasa, babu kuka, babu kanwa.

Alice ta hau sama. Ya zauna shi kaɗai a kicin ɗin ɗalibai, gaban tulin kwanukan da ba a wanke ba, yana jin kiɗa daga wani ɗaki. Da lokacin azahar ya yi, ya shimfiɗa kwat ɗinsa a gefen firji ya yi salla. Daga baya, don ya rasa abin yi, ya naɗe hannun riga ya wanke kwanukan duka.

Raki ta shigo da rigar aiki a jikinta, tana warin kofi. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba? Lafiya?"

"Lafiya lau, Uwata. Hanya ce ta biyo da ni."

Ta san babu hanyar da ke biyowa da mutum daga Manchester zuwa wannan layin. Ta rusuna ta gaishe shi. Idonta ya sauka kan kwalayen.

"Ƙawarki ta gaya mini," ya ce. "Ban sani ba. Zan koma da su."

"Kai ka ci irin wannan?"

"Na ci kusan duk na garin. Akwai wadda ko akuya aka ba sai ta yi ƙara."

Ta yi dariya, ta rufe baki da hannu, sai kuma idonta ya ciko. Ta juya ta ɗora tukunya. Garau-garau ta dafa, shi kuma ya soya bogar guda biyu, ɗaya tasa ɗaya ta Alice, wadda ta sauko ta ci tana yaba yajin tana shan ruwa, sannan ta ba su wuri. Raki ta yanki ɗan gefen tasa don kada ta gwale shi, ta tauna, ta haɗiye da ƙyar.

"Ta yi kama sosai," ta ce. "Shi ne matsalar."

Ya jima yana juya cokali kafin ya yi tambayar da ya taho da ita. "Saboda rasuwar mamanki ne? In shi ne, ki gaya mini. Ni ma akwai abubuwan da na kasa ci tun da ta tafi."

"A'a, Baba. Na yi karatu ne a kan yadda ake kiwon dabbobin nan, na ga ba zan iya ba. Ra'ayina ne. Ba komai ne saboda Mama ba."

Ya so a ce baƙin ciki ne, don baƙin ciki ya san hanyarsa, zai iya raka ta. Wannan kuwa wani ɗaki ne nata da ba shi da mabuɗinsa. Ya gyaɗa kai.

"Maganar da na faɗa ranar Sallah," ya ce, "ban kyauta ba."

"Ta wuce," in ji ta, tana kallon farantinta. Daga nan ta ƙara da cewa in ta gama digiri tana son ta zauna a Birmingham, an yi mata tayin aiki a wani ɗakin bincike. Ta daɗe tana neman yadda za ta gaya masa.

Ɗakinta na Whalley Range yana nan yadda ta bar shi, duk mako yana share shi. Bai ambata ba. Ya ce Allah ya sa albarka, ya sa haka ne mafi alheri.

Ta raka shi tasha kafin magariba, ta riƙe masa jakar da babu komai a ciki, don ya bar wa Alice ragowar kwalin. Da jirgi ya zo ta rungume shi da sauri, irin ta 'yan nan ƙasar, shi kuma ya dafa kanta. A hanya ya zauna gefen taga, gonaki da tumakin Turawa suna wucewa har duhu ya rufe su.

Washegari Lahadi ce. Ya je Rusholme ya zaga shagunan 'yan Afirka, ya samu kanwa, amma kuka aka ce ta ƙare, ba a san ranar zuwanta ba. Ko da ya samu ma, bai san yadda ake haɗa su ba. Shekara da shekaru yana cin ɗanwaken Kubura bai taɓa leƙa tukunyar ba.

Ya tsaya a bakin titi, bas-bas suna wucewa, ya lalubo lambar Hajo, aminiyar Kubura, wadda rabonsa da ita tun zaman makoki. Ta ɗauka da mamaki, suka gaisa, ta yi masa ƙorafin ya guje su. Ya ba da haƙuri, sannan ya tambaye ta ko tana da kuka, kuma yaya ake kwaɓa ɗanwake ya tsaya bai narke ba.

"Kai za ka yi?" in ji Hajo.

"Uwata ce ke so. Ni ɗan aike ne."

"Wannan ba a waya ake koya shi ba. Kuka akwai, ƙanwata ta kawo mini. Ka zo gida, Abban su Nuru ma yana nan, kullum sai ya yi cigiyarka."

Ya ce ba ya son ya takura musu. Ta ce shinkafa tana kan wuta, ya hanzarta. Ya sa kanwar a aljihun kwat, ya tsallaka titi ya tsaya jiran bas.