Farin Fenti a Cikin Tanderun Babana

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Tebet na kalandarmu ta Yahudawa, ana yayyafi tun asuba, gajimare ya gangaro daga dutsen Meron ya cika lungunan Sefat har ba ka hango ƙarshen matakala. A ranar ne na tarar da akushin mahaifiyata a bakin ƙofar gidan burodinmu, cike da takalman baƙi.

Dogon akushi ne na katako, kakata ta zo da shi daga Maroko. A cikinsa Imma, wato mahaifiyata, take kwaɓa burodin Asabar har shekarar da ta rasu. Yanzu ga shi an ja shi waje, ruwa na dukansa, takalma jiƙaƙƙu a jibge a ciki.

Sunana Amram. Na bar makaranta ina ɗan shekara goma sha huɗu, don zama wuri ɗaya ba ya yi mini. Na taɓa kanikanci, na taɓa dako a kasuwa, na yi soja na dawo. Wuri ɗaya ne ƙafata take tsayawa: gaban tanderun babana Mahluf. Tanderu ne na jan bulo, mai rufi kamar an kife ƙwarya, ya cinye fiye da rabin ɗakin. Duk Juma'a matan unguwa sukan kawo tukwanensu na dafina, alkama da wake da ƙwai da nama, mu jera su a ciki su kwana cikin ɗumi, tunda ba a hura wuta ranar Asabar. Imma ce take ɗaura wa kowace tukunya zare mai launinta, don kada Goggo Zohara, ƙanwar Abba, ta ce an musanya mata tata.

Da Imma ta rasu sai Abba ya daina barci. Ya je wurin likita, ya je kabarin waliyyai, babu abin da ya yi masa. Sai ga Yiftah.

Yiftah ba malami ba ne. Da can motoci yake sayarwa a Tel Abib, daga baya ya tara gemu, ya sa fararen kaya, ya hau Sefat yana koyar da Sunaye saba'in da biyu na Ubangiji. Kowane Suna baƙi uku ne, a kan kati. Ka zauna ka miƙe bayanka, ka zuba wa baƙaƙen ido daga dama zuwa hagu, ka ja numfashi ka riƙe, ka saki a hankali. Akwai Sunan cire tsoro, akwai na samun miji, akwai na buɗin kasuwa. Abba aka ba shi na sakin abin da ya wuce.

Ba zan yi ƙarya ba, Abba ya fara barci. Amma ya ci gaba da saki. Ya saki kayan Imma, ya saki tashin asuba, ya saki burodin tsakiyar mako. Daga ƙarshe ya ɗauki makullin gidan burodin ya danƙa wa Yiftah, wai a mayar da ɗakin zauren zuzzurfan tunani. Ni ban ji ba sai a bakin Goggo Zohara.

Na tsallake akushin na shiga. Baƙi ne zazzaune a ƙasa kan tabarmi, matan Amurka da samarin birni, kowa da katinsa yana huci kamar tsohon zugazugi. A kusurwa ga bokitan farin fenti da guduma biyu manya. Yiftah ya taso da murmushinsa.

"Amram, ƙanena! Takalmi a waje."

"A akushin uwata?"

"Katako ne, ƙanena. Kai ne kake ɗora masa nauyi."

"Gudumomin nan fa?"

"Ranar Lahadi ma'aikata za su sauke tanderun. Wurin zai ɗauki mutum arba'in. Ka yi tunanin hasken da zai shigo."

"Tukwanen unguwa kuma a ƙirjinka za a ɗora su?"

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata, ya zaro kati daga aljihu. "Akwai wuta a cikinka. Ga Sunan da ke kashe fushi. Safe da yamma, ka kalle shi ka yi numfashi. Kyauta na ba ka."

Na karɓa, don ba a jefar da Suna a ƙasa. Ina riƙe da katin nan ne wani abu ya faɗo mini a rai.

Abu ɗaya na fito da shi daga makaranta. Wata rana ina gundure a aji, na ɗauki biro na rubuta Sunan nan na Ubangiji mai baƙi huɗu, wanda ba ma furtawa, a kan tebur. Malamin ya ga abin, fuskarsa ta yi fari. Bai mare ni ba sai daga baya. Da farko kafinta aka kira, ya yanke wurin da zarto a hankali, aka naɗe guntun katakon a farin ƙyalle, aka kai maƙabarta aka binne tare da tsofaffin littattafai. Sunan da aka rubuta ba a goge shi, ba a kankare shi, ba a fasa shi. Ko yaron goye a Sefat ya san wannan.

Na fara zuwa wurin Abba tukuna. Na same shi a ɗakinsa, kati a gwiwa.

"Abba, za su fasa tanderun."

"Na sani."

"Shi ke nan? Ka sani?"

"Amram, duk lokacin da na leƙa bakinsa ita nake gani tana ɗaura zare. Na gaji. Ka bar ni in huta."

"To ni fa? Ni ma a sake ni?"

Ya mayar da idonsa kan baƙaƙensa uku, ya ja numfashi.

Washegari Juma'a da hantsi na gangara kwarmin wankan tsarki da ke gefen maƙabarta. Ruwan kamar ƙanƙara. Na nutsa gaba ɗaya, kamar yadda marubutan littafi mai tsarki suke yi kafin su rubuta Sunan. Tsohon da ke gadin wurin ya kalle ni ya ce, "Ɗan Mahluf a ruwa? Aure za ka yi ko mutuwa?"

"Rubutu zan yi, Baba."

Bayan azahar kowa yana gida yana shirin Asabar, Yiftah ya tafi da baƙinsa Meron. Makullin gaba yana hannunsa, amma bai san ƙaramar ƙofar da muke shigo da itace ta baya ba. Na shiga, na buɗe bokitin fentinsa, na ɗauki ƙaramin buroshinsa da fitilar wayata, na rarrafa cikin tanderun a rigingine. A sanyaye yake, tunda rabon da a hura shi an kwana biyu, amma ƙamshin burodi da toka yana nan. Na ce da ƙarfi, kamar yadda ake faɗa, cewa ina rubuta wannan ne domin tsarkin Sunan. Sannan na fara.

Na san dabarar kafinta, don haka ban rubuta a wuri ɗaya ba. Na bi rufin bulo bayan bulo. Na rubuta wasu a kan haɗin bulo biyu, yadda ba za a zare ɗaya ba sai an raba Sunan. Na rubuta a kan bulon tsakiya, wanda idan aka cire shi rufin duka zai rufto. Fari a kan baƙin hayaƙi, ya fito tas. Hannuna yana da kyau, ko malamin da ya mare ni ya yarda da haka. Duk baƙin da na ja, fuskar Yiftah nake gani. Na fito kafin a busa ƙahon shigowar Asabar da faɗuwar rana, na ɗauki akushin na zubar da ruwan da ya taru a ciki, na kai shi gida a kaina.

Ranar Lahadi da safe ina tsaye a lungu ina cin 'ya'yan kabewa ma'aikata suka iso. Babbansu ya ɗauki guduma, ya sunkuya ya haska cikin tanderun don ya ga ta inda zai fara. Sai ya saki gudumar, ya dafa hularsa, ya fito da baya.

"Ni ba zan taɓa wannan ba. Ina da 'ya'ya."

Yiftah ya leƙa. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, murmushin nan babu shi. Ya hango ni ta ƙofa.

"Kai! Ɗan iskan gari!"

"Ja numfashi, yayana," na ce. "Riƙe. Saki a hankali."

Kafin azahar rabin unguwa sun taru, aka ɗauko Haham Sa'adiya, malamin majami'armu, tsoho mai sanda. Da ƙyar aka durƙusar da shi a bakin tanderun. Ya duba, ya duba, ya sumbaci yatsunsa. Aka kawo masa kujera. Abba yana tsaye a bayansa, Goggo Zohara ta riƙe ƙugu.

"Wa ya rubuta?"

"Ni ne, Haham."

"Hannu mai kyau a jikin jaki," ya ce. "Guduma ba za ta taɓa wannan ba."

Goggo Zohara ta rangaɗa guɗa. "To madalla! Juma'a mai zuwa tukunyata ce ta farko, kuma kada a sa ta kusa da ta Masuda, mai yawan tafarnuwa."

Haham ya juyo ya kalle ta. "Wace tukunya, Zohara? Idan aka hura wuta a nan, fentin zai ƙone, hayaƙi ya rufe sauran. Wuta ma gogewa ce. Ba guduma, ba wuta."

Tun ranar Alhamis guduma kawai nake tunani. Ni da na girma a gaban wuta, ko sau ɗaya ba ta zo mini a rai ba.

Goggo ta ɗora hannu a ka. "Amram, Allah ya shirye ka, ka kashe shi da hannunka!"

Haham ya buga sandarsa a ƙasa. "Akwai ƙofa ɗaya, ƙarama. Wasu daga cikin malamai sun ce idan mutum ya rubuta baƙaƙen ba da nufin tsarki ba, don wasa ko don ya cuci wani, to tsarkin bai sauka a kansu ba. A irin wannan matsi zan iya jingina da su, a samu hanyar cire fentin. Amma ba ni ne na shiga zuciyarka ba. Kai za ka faɗa. Da wace niyya ka rubuta?"

Mai gadin kwarmin wanka ya ce daga baya, "Ya yi wanka, Haham. Na gan shi, har leɓensa ya yi shuɗi."

"Ban tambayi leɓensa ba."

Abba ya matso. Rabona da in ga idonsa a kaina haka tun kafin rasuwar Imma. Ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Amram, ka ce fushi ne. Kowa ya san fushi ne. A cire fentin, ni da kai mu hura shi. Na leƙa ciki ɗazu, na ji ƙamshin. Ina ganin zan iya."

"Mahluf," in ji Yiftah, muryarsa ta koma ta mai sayar da mota, "mun yi magana a gaban shaidu. Makulli yana hannuna. Fenti na fita, tanderu na fita."

"Za mu zauna mu duba," in ji Abba. Amma da ya faɗa bai kalli Yiftah ba, ƙasa ya kalla, kuma hannunsa yana cikin aljihun da katin yake.

Na dubi Abba, na dubi Yiftah. Wataƙila Abba zai tsaya. Wataƙila mako ɗaya na numfashi zai sake sakin komai. Ban sani ba, har yau ban sani ba. Abin da na sani shi ne murmushin ya fara dawowa fuskar Yiftah, kaɗan-kaɗan, daga gefen baki. Kuma na tuna takalman nan a cikin akushi.

"Da tsarki na rubuta, Haham."

"Ka tabbata? Ba a dawowa daga wannan."

"Kowane baƙi."

Haham Sa'adiya ya daɗe yana kallona. Sannan ya miƙa hannu aka tashe shi. "To kun ji. Ba guduma, ba wuta. Kuma ba a kwanciya a ɗakin nan, ba a miƙe ƙafa wajen bakin tanderun, ba a sayar da komai a gabansa."

Yiftah ya gwada. Ya kai maganar wurin wasu malamai biyu, duka suka ce ba za su warware hukuncin Haham ba. Abin da ya rage na ɗakin ba ya ɗaukar mutum goma, su ma ba dama su baje a tabarma. Babu ma'aikacin da zai karɓi aikin a faɗin garin. Kafin Idin Ƙetarewa, babban idinmu na bazara, ya kwashe katunansa ya gangara bakin teku. Da yake loda mota na kai masa katin kashe fushin, na sa masa a aljihun farar rigarsa. Na ce bai yi mini aiki ba, ko shi zai yi masa. Daɗin da na ji a ranar har yanzu ina jinsa, kuma ban nemi gafarar kowa a kansa ba.

Makullin ya dawo hannun Abba. Kullum da safe yakan buɗe ɗakin, ya ja ƙaramar kujera gaban bakin tanderun, ya kunna fitila, ya zuba wa rubutuna ido daga dama zuwa hagu, yana jan numfashi yadda Yiftah ya koya masa. Idan na shigo ba ya juyowa. Ni kuma ina aikin dare a wani kamfanin burodi a ƙasan gari, inda inji ke kwaɓawa, inji ke gasawa.

Abin da Yiftah ya rasa: zaure ɗaya da bokitin fenti ɗaya. Abin da muka rasa: tanderu ɗaya, tukwane ashirin da uku da suka koma kan farantin lantarki a gidajensu, gaisuwar Goggo Zohara, da muryar Abba yana kiran sunana. Akushin yana nan a ƙarƙashin gadona.