Bencin Bakin Ƙofa

Mutum ya shigo coci ya ƙi yin waƙa, wannan ba laifi ba ne, don akwai waɗanda in sun buɗe baki sai ka roƙi Allah su rufe. Amma a ce mutum ya shigo da fensir a bayan kunne, ya zauna yana bin fuskokin jama'a da ido ɗaya bayan ɗaya, wannan kam Mama Makulli ba za ta kawar da kai ba.

Sunan ya samo asali ne daga makullin cocin da take rataye da shi a wuya shekara da shekaru. Ita ke buɗewa, ita ke shara, ita ke jera benci, kuma ko Fasto in yana son shiga ranar da ba ta sujada ba sai ya biyo ta gidanta. Cocin kansa ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon ɗinki, taga uku, benci goma sha huɗu, da fanka mai kuka kamar tsohuwar akuya. A bango, kusa da allon waƙa, akwai takardar izini a cikin gilashi. Shekara goma sha biyu ke nan da aka sauya doka, aka ce kowa ya bauta wa wanda zuciyarsa ta yarda da shi. Mama tana goge gilashin nan kowace Asabar har ya yi ƙyalli, amma ba ta taɓa yarda da shi ba. Har yau in za a fara sujada sai ta ja labule ta rufe tagogin duka uku.

Kada a ga laifinta. Tana 'yar shekara tara aka zo aka tafi da mahaifinta yana tsakiyar karanta aya, a lokacin da taron mutum biyar don addu'a ya isa a kulle mutum. Wanda ya kai sunansa kuwa ba baƙo ba ne. Wata shida ya yi yana zama tare da su, ya fi kowa murya, ya fi kowa cewa amin. Mahaifinta ya dawo bayan shekara huɗu ba haƙora a gaba, bai kuma sake yin magana da ƙarfi ba har ya mutu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To, ga wannan mutum, wanda ta raɗa wa suna Mai Fensir. Ba ya zuwa sai an fara waƙar farko, ba ya jiran albarkar ƙarshe. In Fasto ya ce, "Baƙinmu su miƙe mu san su," sai ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Duk wanda ya turo ƙofa sai ya zabura ya dube shi. Sannan, abin da ya fi tsaya wa Mama a rai, lokaci lokaci sai ya zaro wata 'yar takarda ya rubuta wani abu, ya mayar aljihu da sauri.

Daga Lahadi ta uku ta fara ajiye masa wuri. Takan ɗora jakarta a ƙarshen bencin bakin ƙofa, in ya shigo ta ɗauke, ta nuna masa da haɓa. Ba don Allah take yi ba. Daga kujerarta nan ne ta fi ganin hannunsa.

"Mama, kin fa sa wa bawan Allahn nan ido," in ji 'yarta, wadda ke jan mawaƙa. "Ko dai miji kike nema mana?"

"Rufe min baki. Ke me kika sani? A cikin daɗi kika buɗe ido."

Ta kai maganar gaban Fasto bayan an tashi. Yaro ne a wurinta, sa'an ɗanta na fari, amma ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Fasto.

"Fasto, a samo littafi a ajiye a bakin ƙofa. Duk wanda zai shiga ya rubuta sunansa, da unguwarsu, da aikinsa. Wanda ya ƙi, ga hanya nan."

Fasto ya juya hularsa a hannu. "Mama, littafin sunaye fa. Ba shi ne abin da su mahaifinki suka ƙi bayarwa ba har aka kulle su?"

"Wancan na gwamnati ne. Wannan namu ne."

"Littafi ai bai san mai shi ba. Mun yi shekaru muna roƙon Ubangiji a bar mutum ya shiga inda yake so ba a tambaye shi ba. Yanzu an bari, sai mu mu tsaya a ƙofa muna tambaya?"

Ta ce masa to, amma irin to ɗin da ake cewa likita in ya hana gishiri. A zuciyarta ta ce ruwa ba ya tsami banza, kuma in makiyayi ya yi barci ai wani ya zauna da sanda.

Lahadin da ta biyo, Mai Fensir na sulalewa ta bar wa 'yarta makulli na ɗan lokaci, abin da ba ta taɓa yi ba, ta bi bayansa. Kai, tafiyar mutumin nan kaɗai ta isa shaida! Bai bi babban titi ba. Ya kutsa ta bayan masu gyaran babur, ya tsaya gaban mai sayar da bokitai yana taya abin da ba zai saya ba, ya waiwaya sau uku, sannan ya zaga ta bayan tasha. Mama na biye da shi da ciwon gwiwarta, tana laɓewa bayan motoci, mayafi ya rufe rabin fuska. A ƙarshe ya shige wani shagon kafinta mai ƙofar kwano. Da ta koma gida ta samo tsohon littafin zumuntar mata, ta juya bayansa, ta rubuta ranar, da lokacin da ya shigo, da lokacin da ya fita, da hanyar da ya bi. Haka ta yi Lahadi uku a jere, rubutu tsaf, ba kuskure.

Sai ranar da Allah ya ba ta abin da take nema. Fasto ya ja wa'azi, wani ya turo ƙofa da ƙarfi, Mai Fensir ya firgita ya fita ba shiri. Da ta zo shara ta tarar da abu biyu a ƙarƙashin bencin: tef ɗinsa na awo, da 'yar takardar. Ta buɗe takardar. Layi layi ne na lambobi, kowane layi da kwanan wata. Na ranar ya ce 31, 18, 9.

Ta zauna a bencin. Maza, mata, yara, me kuma zai zama? Ba ta tsaya ƙirgawa ta gani ko ya yi daidai ba. Tsoro ya kama ta, irin na 'yar shekara tara, sannan fushi ya biyo baya ya kore shi. Ba ta nuna wa Fasto ba, don ta san wa'azi zai yi mata. Ta yanke shawara ita kaɗai: za ta je har inda yake ta mayar masa da kayansa a gaban mutanensa, ya san cewa su ma sun san gidansa.

Litinin da hantsi ta tsaya a ƙofar shagon. Ƙamshin katako ya cika wurin, garin zarto har idon sawu, ga ƙofofi sababbi jingine da bango. Mutum biyu ne a ciki. Mai Fensir na durƙushe yana buga ƙusa, wani babba mai kama da shi sak, sai dai furfura da kauri, yana yanka katako.

"Sannunku da aiki," ta ce.

Mai Fensir ya ɗago. Guduma ta tsaya a sama.

"Sannu, Mama," in ji babban. "Kujera ce ko gado?"

"Ba ko ɗaya. Saƙo na kawo wa wannan." Ta ɗaga tef ɗin sama, ta buɗe murya yadda ko masu wucewa za su ji. "Ka manta abin awonka jiya a cocinmu. A wurin zamanka na kullum na tsince shi."

Ta zuba masa ido tana jiran kunyar ɓarawon da aka kama. Ba ita ta gani ba. Fuskar mutumin ta koma kamar toka, kuma ba ita yake kallo ba, yayansa yake kallo. Babban ya ajiye zarto a hankali, ya goge hannu a riga.

"A ina kika ce, Mama?"

"A coci."

"Na kullum, kika ce?"

"Wata uku ke nan," ta amsa, amma muryar ta riga ta fara raguwa.

"Yaya," in ji Mai Fensir, "bari in..."

"Ashe can ne wurin duba katakon da kake zuwa kowace Lahadi." Babban ya karɓi tef ɗin daga hannunta da ladabi. "Mun gode, Mama. Allah ya huta gajiya." Ya raka ta har waje, ya jawo ƙofar kwano ya rufe, da rana tsaka.

Ta tsaya a titi tana jin muryar mutum ɗaya na tashi a ciki, ɗayan ba ya amsawa. Ta san irin wannan shirun, a gidansu ta taso da shi.

Da ta isa gida ta miƙa wa 'yarta takardar. Yarinyar ta duba, ta yi 'yar dariya.

"Wa ke rubuta waƙoƙinmu? Talatin da ɗaya, sha takwas, tara, ai su muka yi jiya. Ga na makon jiya ma. Ni da hannuna na rubuta su a allo."

Mama ba ta taɓa duban allon nan ba a rayuwarta. A zamanin da ta koyi waƙa, littafin waƙa a gida shaida ce a kotu, saboda haka da ka suka haddace su duka, baiti baiti, ba lamba. Ko yanzu ana jan layin farko take kamawa. Ta tashi ta ɗauko littafin zumuntar mata, ta buɗe bayansa, ta karanta abin da ta rubuta: ya shigo ƙarfe kaza, ya fita ƙarfe kaza, ya bi ta bayan tasha. A duk cocin nan mutum ɗaya ne ya bi wani a ɓoye ya rubuta, ya kai rahoto inda za a cutar da shi. Ta zauna a bakin gado ta yi kuka kamar ranta zai fita, 'yarta na tambaya me ya faru, ta kasa faɗa.

Ranar Laraba da safe tana shara a cocin ta ji taku a matakala. Shi ne, da jakar kayan aiki a kafaɗa da ƙullin tufafi a hannu. Fensir na nan a bayan kunne. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ina kwana, Mama."

Tsintsiya ta faɗi daga hannunta. "Ɗana, me suka yi maka?"

"Ba duka. Yaya ba mai duka ba ne." Ya ajiye ƙullin. "Ya bincika akwatin kayana ya ga littafin waƙar da na ɓoye a ƙasa. In kun yi waƙa nakan rubuta lambar, in ya fita cin abinci in buɗe in karanta. Ya ce hukuma ta ba ni dama in bi addinin da nake so, shi bai hana ba, amma ba a shagon mahaifinmu ba, ba kuma a gidansa ba. Matarsa ta ajiye min kayana a waje."

"Ni na jawo maka."

"Kuskure ne, Mama. Ina kika sani? Alheri kika yi niyya." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Wata uku ina zuwa nan a tsorace, kowa ya turo ƙofa in ce wanda ya san Yaya ne. Ke kaɗai ce ban ji tsoro ba. Na ga kullum kina ajiye min wurin nan kusa da ƙofa, ba ki taɓa tambayata sunana ba. Na ce wannan tsohuwa ta gane."

Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ga hanya a buɗe ta yi shiru, ya tafi da kyakkyawan zato, ba mai sani sai Allah. Ta sa hannu a jaka ta zaro littafin zumuntar mata, ta buɗe bayansa, ta miƙa masa.

"Ba alheri ba ne. Karanta."

Ya karanta a tsaye, shafi uku, a hankali. Ta ga lokacin da ya kai wurin mai bokitai, don leɓensa ya motsa. Da ya gama bai dube ta ba. Ya rufe littafin ya ajiye a kan benci, ya juya ga takardar da ke cikin gilashi, ya daɗe yana kallonta.

"Ashe har nan ma," ya ce.

Ta ciro igiyar daga wuyanta, makullin da ko Fasto bai taɓa kwana da shi ba, ta ɗora a kan littafin.

"Akwai ɗan ɗaki a bayan mumbari, da tabarma. Zan faɗa wa Fasto da dattawa abin da na yi, da bakina. In ka ga dama ka zauna, in ka ga dama ka tafi. Ba wanda zai tambaye ka, ba kuma wanda zai bi ka."

Bai ɗauka ba, bai kuma tafi ba. Ya zauna a ƙarshen bencin, wurinsa, bencin ya yi 'yar girgiza kamar yadda ya saba. Ɗakin da duhu, ga zafi, fanka ba ta aiki. Mama ta nufi taga, ta kama labule, sai ta tsaya. Ta juyo.

"In buɗe, ko in bari?"

Ya ɗago ya dube ta, karo na farko tun da ya karanta.

"Buɗe, Mama," ya ce. "Yanzu kuma wa zan ɓoye wa?"