Kwalabe Biyu a Zauren Malam Shu'aibu

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya rayar da kowane mai rai da ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

"Kada ka ba su abinci," in ji Malam Shu'aibu daga shimfiɗarsa ta jinya. "Ƙirga su kawai."

Alhaji Mu'azu, maƙwabcinsa a Tudun Wada, ya durƙusa gaban manyan kwalabe biyu. Kowace tana ɗauke da ƙananan kifaye goma da aka kamo a gulbi. Ta dama ruwan rijiya ne a cikinta. Ta hagu ma ruwan rijiyar ne, sai dai ya kwana a shuɗin duron da Alhaji ya sayo domin masallacin unguwa, a sha, a yi alwala.

"Shekara ashirin kana tsakiyar teku wurin haƙar mai, ashe kiwon kifi kake yi?"

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Aikin ke nan. Duk sinadarin da za a yi aiki da shi, sai na fara tambayar kifi. In ya rayu, in sa hannu."

"Duro wanga sau uku aka wanke shi da omo. Ko wari babu."

"Hancinka bai isa shaida ba, Alhaji. Na ga tambarin sinadarin da ke jikinsa. Ba ni kwana huɗu."

Liman yana jiran duron kafin Juma'a, amma abin ya riga ya kama hankalin Alhaji. Kullum da hantsi sai ya shigo ya ƙirga. A rana ta biyu ya tarar da kifayen kwalbar hagu sun taso sama suna buɗe baki.

"Mi suke nema?"

"Abin da nake nema," in ji Malam, yana haki. "Numfashi."

A rana ta huɗu, kafin Alhaji ya shigo, Malam ya cika, Allah Ya karɓi abinsa. Jama'a suka taru. Da aka nemi ruwan wankan gawa, wani ya ce ai ga duro cike a ƙofar Alhaji.

"Ku dakata," in ji Alhaji.

Ya shiga zauren shi kaɗai, ya ƙirga sau biyu. Na dama goma cif, suna ta yawo. Na hagu bakwai sun juya ciki sama. Ya fito ya ɗaure murfin duron da waya.

"Ba za a wanke shi da wanga ba, kuma duron ba za shi masallaci ba. Ku miƙo guga."

Da hannunsa ya ja ruwan daga rijiya.

Bayan an dawo daga maƙabarta, ya rungumi kwalbar dama har bakin gulbi, ya karkata ta a hankali. Kifayen suka ɗan tsaya a gindin ƙafarsa, sa'an nan suka watse cikin ruwa.

Allah Ya jiƙan Malam Shu'aibu, Ya shayar da shi daga Alkausara. Mai karatu kuma, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.