Iccen Kyaftin Cléophas

Har yau idan na ji warin albarushi sai na tuna iccen babana, ga ni tsohuwa da jikoki goma sha ɗaya. A ƙauyenmu na bakin kogin Richelieu, a ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin Ingila, ranar ɗaya ga Mayu maza kan saro doguwar bishiya, su feƙe ɓawonta fes, su kafa ta a ƙofar gidan kyaftin ɗin dakarun gari. Sai su yi ta ɗirka mata bindiga, albarushi zalla babu harsashi, har ta yi baƙi ƙirin. Iya baƙinta, iya ƙaunar da ake wa mai gidan. Babana, Cléophas Lussier, shekara ashirin da biyu ana baƙanta masa icce. Takardar naɗinsa mai hatimin sarkin Ingila kuwa tana cikin akwati, ko mu 'ya'yansa ba ma taɓa ta.

A shekarar 1837 gari ya rikice. Mu zaɓi 'yan majalisa, su je birni su yi ta magana har maƙogwaro ya bushe, sannan gwamnan da sarki ya turo ya yi abin da ya ga dama. Mutane suka ce ya isa haka, majalisa za ta yi mulki ko a yi ta ta ƙare. Mijina Onésime, maƙeri ne, bakinsa ya fi wutar maƙerarsa zafi, shi ne kan gaba.

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci, ina gidan babana ina zuba masa miyar wake, sai ga maza kusan arba'in da gatura da tukwane suna ƙwanƙwasawa.

"Baba," in ji Onésime, har da cire hula kamar mutumin kirki, "takardar nan muka zo karɓa. Daga yau jama'a ke naɗa kyaftin."

"Jama'a? Kai da waɗannan masu warin takin? Na ba ka 'yata Hermine, bai ishe ka ba?"

"Sarkin naka ma ya mutu tun bazara!" wani ya ɗaga murya daga baya. "Yarinya 'yar sha takwas da ta gaje shi kake wa gadi, tsoho!"

Aka fashe da dariya. Baba ya fita ya rungume iccensa. Ozias mahauci, wanda Baba ya riƙe wa ɗa ranar baftisma, shi ya juya gatari ya sauke bayansa a kan hannun tsohon. Na ji ƙarar ƙashi daga bakin ƙofa. Baba ya faɗi, suka tattake shi suka shige, suka farfasa akwatin, Onésime ya fito yana ɗaga takardar sama ana ihu. Na yakushe masa fuska, ya ture ni cikin laka. Suka sare iccen daga gindi, suka ja shi har ƙofar gidana suka kafa, suka ɗora masa jar hula da allo mai rubutu: Kyaftin na jama'a. Ranar na tsani mijina, ba zan ɓoye ba.

Ba a yi wata guda ba sojojin gwamna masu jajayen riguna suka iso. Mazanmu da bindigogin farauta da lauje, su kuwa da igwa. Haba! Kafin rana ta karkata an gama. Onésime ya rarrafo gida, an soke shi a cinya, jini ya cika masa takalmi. Na tura shi ramin dankali da ke ƙarƙashin daɓen katako na kicin, na rufe, na ja tebur a kai.

Washegari da hantsi hayaƙi ya turnuƙe hanya. Gida gida suke bi, kyaftin ɗin 'yan tawaye suke nema. Na leƙa na ga Ozias yana gudu cikin dusar ƙanƙara, mahaya biyu suka cim masa, suka sassare shi har ya daina motsi. Sai idona ya faɗa kan iccen da ke ƙofata. Wayyo Allah! Wawayen nan sun kafa wa sojoji alama da hannunsu. Na ɗauko gatari na hau sara, amma iccen ya daskare, gatarin sai tsalle yake yana dawo mini.

"Ajiye, Hermine."

Baba ne, sanye da tsohuwar rigarsa ta kyaftin, karyayyen hannunsa rataye a wuya.

"Baba, za su kashe shi!"

"Yana ciki?"

Na gyaɗa kai.

"Shashashan banza," in ji shi. "Koma bakin ƙofa. Ba a sare iccen kyaftin sau biyu."

Ya tsaya a gindinsa ya miƙe ƙirji. Suka iso su goma sha biyu, da hafsa a kan doki, da wani ɗan kasuwa na garin maƙwabta yana yi musu tafinta, don ba ma jin harshensu.

"Ni ne Lussier, kyaftin ɗin sarki," in ji Baba. "Iccen nan nawa ne, gidan nan na 'yata ne. Ku wuce."

Tafinta ya karanta wa hafsan allon. Hafsan ya yi murmushi ya faɗi wata magana.

"Ya ce in kai na sarki ne, ina takardarka?"

"An ƙwace."

"Wa ya ƙwace? Yana ina?"

Daga gindin iccen zuwa ramin dankali bai fi taku goma ba, ƙofa kuma a buɗe take. Duk wanda ke ƙasa yana jin komai. Baba ya dubi ƙofar, ya dube ni, ya tofar da yawu.

"Ce wa ubangidanka ban sani ba."

Wani soja ya buga masa gindin bindiga a baki, haƙora suka zubo a kan ƙanƙara. Na yi kansu, ɗaya ya shaƙe ni da gwiwar hannu ya danne ni a bango. Suka ɗaure Baba a jikin iccen da igiyar rijiyata. Na yi ta ihu, "Na sarki ne! Na rantse da Allah naku ne!" Tafintan ko juyowa bai yi ba.

Shida suka jeru. Shekara ashirin da biyu ina jin ana harbin iccen Baba ina tafa hannu, ranar ne kawai aka sa harsashi. Baba ya sunkuya cikin igiya, jini ya bi baƙin iccen har ƙasa. Tun da sun sami kyaftin ɗinsu, ko kicin ba su leƙa ba. Suka kama shanuna biyu suka yi gaba.

Ni kaɗai na kwance Baba. Na ja shi ciki na rufe masa fuska, sannan na ture teburin na fito da Onésime, ya ƙi haɗa ido da ni. Na yanka wandonsa da almakashi don in wanke masa ciwo, na tuɓe masa riga. Sai na ji abu mai kauri a aljihun ƙirji.

Takardar ce, an ninke ta huɗu, hatimin ko tsagewa bai yi ba.

"Ka ji suna tambaya?" na ce.

"Hermine…"

"Ka ji, ko ba ka ji ba?"

"Na ji."

Bayan shekara goma sha ɗaya majalisa ta sami ikon da ake nema, gwamna ya koma sa hannu a kan abin da ta yanke. Abu ne mai kyau, ban taɓa cewa ba shi da kyau ba. Onésime ya zama babban mutum, yana ɗingishi yana ba matasa labarin yaƙi. Na haifa masa 'ya'ya shida, na dafa masa abinci har ya mutu. Amma takardar na kafa ta da ƙusa a bangon da kujerarsa ke fuskanta, shekara talatin da ɗaya a gabanta yake shan miya. Sau ɗaya ya roƙe ni in cire, na ce ya tashi ya cire da hannunsa. Bai tashi ba.