Layi Tara na Matar Ayuba

Shekara ashirin da biyu na yi ina kwafar littattafai a Iskandariya, goma sha huɗu daga ciki ni ne mai karatu a 'yar majami'armu ta Kiristoci a unguwar Rakoti. Sunana Kolutu. Abin da na gani a rubuce shi nake rubutawa, shi nake karantawa, har abokai suna mini tsiya wai da za a ba ni zagin kaina da na kwafe shi tsaf, in sa masa kwalliya a gefe.

Matsalar ta shigo ne a cikin jakar Abba Fibamon, dattijon majami'armu. Ya je Kaisariya ya yi wata huɗu wajen malamai, ya dawo da rama da tari da littafin Annabi Ayuba na Girkanci. Da ya buɗe mini sai na ga gefen shafuka duk an yi musu zane, wani wuri ɗan tauraro, wani wuri ɗan layi a kwance kamar tsinken tsire.

Ya ce, “Tauraro na nufin abin yana cikin Ibrananci, namu ne ya rasa shi, aka cike. Tsinke kuwa, namu ne ya ƙara, na Yahudawa babu. Ka yi mana sabon kwafi kafin makon Faska. Mai tauraro ka sa, mai tsinke ka bari.”

“In bar shi a ina, Abba?”

“A inda ka same shi. Ba za mu ci gaba da karanta wa jama'a abin da ba a saukar ba.”

Na ce to. Ina juya shafi na uku na tsaya cak. Tsinke ne a jere har layi tara, daidai wurin da matar Ayuba take magana.

Ina da yaya mace, Tausiri, ita ta goye ni. Mijinta Onofri ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, har ranar da igiya ta tsinke gungumen katako ya sauko masa a baya. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana kwance, daga ƙugu zuwa ƙasa babu motsi. 'Ya'yansu biyu annoba ta ɗauke su a mako guda. Ita kuma wankau take yi gida-gida, kanwa ta cinye mata hannu har fatar ta yi fari. Mutanen unguwa suna son Onofri, don bai taɓa ƙorafi ba, kullum godiyar Allah. Ayubanmu suke ce masa. To, in shi ne Ayuba, ai an san wace ce ita. Kuma ta ba su abin faɗa, don wata rana da zafi ya ishe ta maƙwabta sun ji ta ta bango tana ce masa ya mutu mana kowa ya huta. Sau ɗaya ta faɗa, shekara bakwai da suka wuce, amma har yau in ta wuce akwai masu taɓe baki.

Yaya ba mai zuwa majami'a ba ce, ba ta da lokaci. Rana ɗaya take zuwa a shekara, Litinin ta makon Faska, babban idinmu, ranar da ake karanta farkon Ayuba. A littafinmu na Girkanci, kafin matar Ayuba ta furta muguwar maganar nan ta cewa ya saɓa wa Allah ya mutu, sai ta fara faɗin nata: 'ya'yan da ta haifa da wahala suka tafi a banza, yawon da take yi daga wannan gida zuwa wancan tana bauta, yadda take jiran rana ta faɗi ta samu ta ajiye ƙashinta. In na zo wurin nakan rage sauri. Yaya tana tsaye bakin ƙofa, ba ta kuka, ba ta motsi, tana ji kawai. Matan da ke taɓe mata baki kuwa ranar kansu a ƙasa yake. Ba mu taɓa maganar da ita ba, amma ni da ita mun san wa nake karanta wa.

Sai na ce wa kaina malaman Kaisariya ma mutane ne, suna iya kuskure. Na naɗe littafin na tafi wurin Dosa, Bayahuden da nake sayen tawada a wajensa. Uban Dosa daga Tabariya ya zo, shi ya sa yana karanta Ibrananci, abin da yawancin Yahudawan garin nan ba su iya ba. Shekara ashirin muna musun addini da shi, bai karɓi nawa ba, ban karɓi nasa ba.

Ya ce, “A'a, mai dogon alƙalami. Yau kuma wane annabin namu kuka ara ba ku mayar ba?”

“Ayuba nake so ka duba mini.”

“Ayuba ma? Bawan Allah bai gama da ƙuraje ba ga Kiristoci.”

Ya wanke hannu, ya shiga ciki, ya fito da Ayuban Ibrananci, rubutun fata, a naɗe cikin ƙyalle. Ya hana ni taɓawa, wai yatsuna duk tawada, tawadar da shi ya sayar mini. Ya warware a hankali daga dama, yana bi da ɗan kara, ina karanta nawa yana duba nasa. Da muka zo wurin ya tsaya.

“Ga ta nan,” in ji shi.

“Ina sauran?”

“Wane saura? Ke nan. Ta tambaye shi ko har yanzu yana riƙe da gaskiyarsa, ta gaya masa abin da ta gaya masa, shi kuma ya ce ta yi magana irin ta wawayen mata.”

Na leƙa. Duk maganarta ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba. Na ce ko fatarsa ce ta yage aka ɗinke, ya harare ni. Na ce ai dattawa saba'in ne suka fassara mana littattafan nan a tsibirin da ke bakin garin nan, kowa a ɗakinsa, suka fito bakinsu ɗaya, ta yaya za su ƙara abin da babu?

“Saba'in ɗin nan, Attaura kaɗai suka fassara, Kolutu, littafi biyar. Ayuba wani ne daban ya yi shi daga baya, Allah kaɗai ya san ko wane ne. Kuma mai fassarar nan naku yana ba ni dariya. Duba taurarin nan. Duk inda abokan Ayuba suka ja dogon wa'azi, ya gaji ya datse. Mace ta buɗe baki sau ɗaya, ya ba ta fili.”

“Ƙila a gabansa akwai wata fatar da ta fi taka tsufa.”

“Ƙila. Ƙila kuma yana da mata a gida.” Ya fara naɗe fatar, sai ya dube ni, wasan ya bar fuskarsa. “Don yayarka ce, ko?”

Na shiga naɗe littafina. Ya ce shi dai ba zai ce mini yana nan ba alhali ba ya nan, ko da ni ɗan'uwansa ne.

Na koma wajen Abba Fibamon, na roƙe shi a bar layukan da tsinkensu a gefe, kamar yadda su malaman suka bari. Ya ce malamai sun bari ne don malamai, jama'a kuwa ba sa jin tsinke da kunne. Mutumin kirki ne, kar a fahimce ni ba daidai ba, tsoron Allah ne ya sa shi, don gani yake duk kalmar da aka jingina wa Allah ba tasa ba, shi za a tambaya. Haushinsa na ji ƙwarai, kuma abin da ya fi ba ni haushi, ban sami inda ya yi kuskure ba.

Kwana uku kafin ranar na sami Yaya a bakin magudanar ruwa tana bugun zannuwa. Na tsuguna na yi mata bayani, tauraro da tsinke da fatar Dosa, ina ta kewaye-kewaye. Ba ta daina bugu ba sai da na gama.

“Wato ba ta faɗa ba,” in ji ta.

“A na Yahudawa babu, Yaya.”

“Har zancen 'ya'yan?”

“Har shi.”

“Na ƙarshen fa? Inda ta ce masa ya mutu?”

“Wannan yana nan. A duka biyun.”

Ta matse zanen, ta jefa a kwando. “To, madalla. An bar mata bakinta, an cire mata dalili.”

Na ce in tana so zan karanta duka, abin da zai faru ya faru, ko da Abba zai karɓe karatun daga hannuna. Da gaske nake a lokacin. Ta dube ni irin kallon da take mini tun ina yawo ba wando.

“Kai Kolutu, duk shekarun nan na ɗauka Allah ne ya ji matar nan ya sa aka rubuta. Yanzu ka ce in zo in saurari ƙanena yana mini sadaka? Karanta abin da ke littafinka.”

Na yi sabon kwafin, kuma ban taɓa yin aiki mai kyansa ba. Taurari duk na cike su, abokan Ayuba suka sami wa'azinsu cikakke. Wurin matar na rubuta layi ɗaya da rabi na wuce. Na ƙwallafa rai ba za ta zo ba, har addu'a na yi a kan haka.

Ta zo. Ina hawa wurin karatu da safiyar Litinin na hango ta bakin ƙofa, hannun rigarta a jiƙe. Na karanta dukiyar Ayuba, na karanta asararsa, na kai shi kan juji yana susa da fasasshen kasko. Layukan tara suna kan harshena, na haddace su fiye da sunan mahaifina. Abba Fibamon yana zaune gefena idonsa a rufe. Na tsaya daidai numfashi biyu, sannan na karanta abin da ke shafin.

Ban taɓa jin yadda wurin yake ba sai ranar. Mutum yana cikin masifa, matarsa ta zo haka kawai ta ce ya mutu, ya kira maganarta ta wawaye, aka wuce. Tsofaffi biyu uku suka ɗago kai, sun ji wani abu ya ɓace amma ba su san ko mene ne ba. A ɓangaren mata kuwa na ga kawuna suna juyawa baya, ɗaya bayan ɗaya, wajen ƙofa. Yaya ba ta sunkuya ba. Ta tsaya har aka yi addu'ar ƙarshe, sannan ta fita.

Abba ya dafa kafaɗata ya ce na yi aikin gaskiya. Ƙila na yi. Har yau in aka tambaye ni ko layukan nan na Ayuba ne, cewa nake ban sani ba, fatar Dosa ba ta da su, kakanninmu kuwa da su suka yi ibada suka mutu. Amma kunya na ji ranar, irin wadda ban taɓa ji ba.

Da rana ta yi sanyi na ɗauki tsohon littafin majami'armu, wanda ba a taɓa wa zane ba, na nufi gidanta. Nufina in karanta mata a ɗakinta, inda babu Abba, babu jama'a. Sai da na tsaya a ƙofar na tuna rabona da shiga gidan tun bikin Faskar bara.

Ɗakin yana warin fitsari da man zaitun. Onofri ya rame fiye da yadda na san shi, ya ce mini sannu da zuwa suruki, ya gode wa Allah da ya kawo ni. Yaya ta durƙusa kan tabarma ta sa hannu ƙarƙashin hammatarsa, tana so ta juya shi ta wanke gyambon bayansa. Na buɗe littafin na ce, “Yaya, na kawo miki na dā. Bari in karanta miki wurin.”

Ba ta ko waiwayo ba.

“Na san abin da ta ce, Kolutu. Na riga mai rubutun sani.” Ta gyara riƙo, ta ja numfashi. “Ajiye littafin nan ka kama mini ƙafafunsa.”

Na nemi wuri mai tsabta na ajiye, ban samu ba, na ɗora shi kan kwandon wanki. Na kama ƙafafun, sanyi ƙalau, kuma sun fi yadda na zata nauyi. Ban san ta inda ake juyawa ba, na ja hagu tana jan dama, Onofri ya ɗan yi nishi.

“Ba haka ba,” in ji Yaya. “Sa hannu ƙarƙashin gwiwa. In na ce ɗaga, ka ɗaga.”